Kiɗan da Na Sa Iliya Ya Share

Shekara tara ke nan da muka kai Iliya makwancinsa a wata maƙabarta da ke bayan garin Greensboro na Amurka. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan kira matarsa Rahila, mu gaisa, mu yi wa juna ta'aziyya na ɗan lokaci, in ajiye waya in ce na sauke nauyi. Bana hakan bai ishe ni ba. Akwai abin da na yi wa mutumin nan yana raye, ya rufa mini asiri har ya koma ga Mahaliccinsa, ni kuma na ci gaba da fakewa a bayan shirunsa. Shi ya sa na roƙi wannan fili.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Iliya mutumin Filato ne. A Jos ya girma, ya koyi gyaran rediyo a wajen kawunsa, kuma shi ne mai kula da lasifika a cocinsu. Da ya zo Amurka bai sake sana'a ba. Ya buɗe ɗan shago na gyaran kayan sauti, coci-coci na kiransa duk ranar da lasifikarsu ta fara gurnani. Mu ma a masallaci shi ya ɗaura mana tamu. Ina tuna shi ya cire takalmi ya shiga har sahun gaba, yana buga makirufo da yatsa yana cewa "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu", liman yana ta dariya.

Ta hanyar gyaran nan ya haɗu da masu kiɗan lantarki na garin. A lokacin ba su da yawa: wasu ɗalibai, tsofaffin ma'aikatan gidan rediyo biyu ko uku, da wata Ba'amurkiya baƙar fata mai suna Gloria, wadda ita ce ke nema musu wurin taro. Sukan kawo masa na'urorinsu na haɗa sauti, akwatuna masu maɓallai da ƙananan ramuka da ake soka wa wayoyi. Ya gyara, ya gwada, garin gwaji har ya kamu. Kafin a ankara ya mai da garejin gidansa ɗakin kiɗa, motarsa tana kwana a waje, Rahila tana mita.

Ni kuwa sunana Ɗahiru, mutumin Funtuwa, ina aiki a kantin magani. Mahaifina makaɗin goge ne. Da gogen nan ya ciyar da mu, ya yi kiɗa a gidajen biki da kulob-kulob na bariki, kuma tun ina ɗan shekara bakwai ya ɗora mini shi a hannu. Na iya, har mutane na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma a makarantar kwana na sha kiran "ɗan mai goge" har na tsani jin sautin. Da na tsallako teku sai na sake wa mahaifina sana'a. Duk wanda ya tambaya, nakan ce ɗan kasuwar hatsi ne. Matata ta san gaskiya, amma ba mu taɓa zancen ba, 'ya'yanmu kuma ba su sani ba. Bayan rasuwarsa ƙanwata ta aiko mini da gogensa, na naɗe shi a tsohon bargo na cusa a ƙasan akwati.

Ranar da muka tashi zuwa sabon gida a unguwar Sedgefield, Iliya ya zo taya mu kwashe kaya. Akwatin ya kufce masa a matakala, murfin ya buɗe, bargon ya warware. Ya ɗauki gogen da hannu biyu kamar jariri, ya duba ƙoƙon, ya shafa fatar, ya ga tsirkiyar ta tsinke.

"Malam Ɗahiru, na wane ne wannan?"

Na ce na wani ne ya ba ni ajiya.

Ya dube ni, ya dubi yatsuna. "To, mai ajiyar ya iya kaɗawa?"

Na karɓi gogen na mayar cikin akwati, shi ma bai ƙara ba. Bayan mako biyu ya zo mini da wata leda. Ashe ya tafi garin Summerfield da ke kusa, wajen wata dattijuwa mai kiwon dawaki wadda ya taɓa yi wa gyara, ya roƙe ta izgar doki. Ya ce matar ta ɗauka wani asiri zai haɗa, sai da ya zana mata hoton goge a takarda. Yara ba su gida, a kan teburin kicin ɗina muka ɗaure sabuwar tsirkiya, na shafa mata ƙaro, na ja baka. Shekara ashirin rabona da shi, amma hannuna bai manta ba. Iliya ya rufe ido, bai buɗe ba sai da na tsaya.

Daga nan duk Asabar bayan azahar ina garejinsa, shekara biyu cur. A gida nakan ce na je taya Iliya aiki. Ba zan iya kwatanta muku kiɗan yadda ya kamata ba, amma zan gwada. Ni nakan fara da ɗaya daga cikin taken da mahaifina ya koya mini. Shi kuma ya saurara, ya soka waya nan, ya murɗa maɓalli can, sai wani amo mai kauri ya taso daga ƙasa kamar tsawa tana can nesa. Ya ɗora masa bugu mai bin numfashin gogen. Wani lokaci ya kama guntun abin da na kaɗa ya maido mini da shi, in amsa, ya sake maidowa, sai ka ji kamar mutum uku ne a ɗakin. Bai yarda na'ura ta ja ragama ba. Yakan ce, "Ita ba ta da kunne, mu ke da shi."

Akwai abu ɗaya game da yadda yake aiki da ya kamata mai karatu ya riƙe. Iliya ba ya naɗar kowa daban sannan ya haɗa daga baya. Tare muke kaɗawa, tare ake naɗa, a faifai ɗaya, ba mai iya raba nawa da nasa. Kuma irin na'urorinsa ba su ajiye komai a cikinsu. Idan ya zare wayoyin, sautin ranar ya tafi ke nan, ko shi ba zai iya maido shi daidai ba. Abin da muka naɗa kaɗai ke shaida mun yi. A ƙarshen shekara ta biyu muna da kiɗa goma sha ɗaya da muka yarda sun nuna.

Gloria ta ji biyu daga ciki, ta ce lallai mu kaɗa a gaban jama'a. Ta samu wata tsohuwar masaƙa da aka mayar zauren taro, ta haɗa wasan yammacin Asabar, ta gayyato makaɗa daga garuruwan kusa. Iliya bai gaya mata sunana ba, domin na ce ya dakata tukuna. Amma na yi masa alkawari zan hau dandamali. Mun yi wata guda muna shiri.

A daidai wannan lokacin ne jama'armu suka sa ni cikin kwamitin masallaci. An fara kirana gaba idan ana sulhu, an fara ba ni makirufo a wajen suna. Ranar wasan na sa gogen a bayan mota, na tuƙa har bakin masaƙar. Na hangi mutane suna shiga, yawancinsu Turawa da baƙaƙen Amurka, amma a cikinsu na ga wani direban tasi ɗan garinmu da Iliya ya gayyata. Na zauna riƙe da sitiyari. Daga nan na juya kan mota, na tura wa Iliya saƙo cewa an kira ni aiki na gaggawa. Na tafi na yi fakin a gaban wani babban kanti, na zauna awa uku ina kallon mutane suna tura kwandunan sayayya.

Ya yi wasan shi kaɗai. Yana da 'yan guntayen gogena da ya taɓa ɗauka a wata na'ura ta daban mai ajiye sauti, da su ya yi amfani. Waɗanda suka halarta sun ce zauren ya yi tsit, sannan ya ɓarke da tafi. Da aka tambaye shi wa ke kaɗa abin nan mai kuka kamar mutum, sai ya ce wani abokinsa ne da bai samu zuwa ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Da a nan na tsaya, da laifin mai sauƙi ne. Juma'ar da ta biyo, bayan an idar da salla, wani dattijo daga cikin manyanmu ya ce cikin raha, "Ashe akwai ɗan goge a cikinmu ba mu sani ba? An ce an ji shi a wajen rawar Turawa." Aka yi dariya, aka wuce zancen. Ba wanda ya dube ni. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na koma gida ina ganin kamar gobe kowa zai san wane ne mahaifina, ya kuma san na yi shekaru ina ƙarya.

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci na same shi a gareji. Ban ba shi haƙurin ƙin zuwana ba. Na ce ina so ya share duk abin da muka naɗa.

Ya ɗauka wasa nake. Da ya ga fuskata ya ce, "Ba sunanka a ko'ina, Malam. Ba kuma zan sa ba."

Na ce duk wanda ya san hannun babana zai gane.

"A Greensboro? Wa ya san hannun Baba a nan?"

Na ce kiɗan gidanmu ne, ni ke da iko da shi.

Ya juya ya dubi na'urorinsa. Sannan ya ce a hankali, "Shekara biyu fa. Ban taɓa yin abin da ya kai wannan ba, kuma ban san ko zan sake ba."

Abin da na mayar masa shi ne ya fi ci mini rai har yau. Na ce shi ba abin da zai rasa, domin a wajensu kiɗa ibada ne, ni kuwa mutuncina ne a kan layi. Na sa addini a tsakaninmu, inda bai taɓa shiga ba. Magana zarar bunu ce. Na ga yadda ta same shi, kuma ban janye ba.

Ya juya ga kwamfuta ya share su ɗaya bayan ɗaya ina tsaye a kansa. Ya ɗauko na'urar da yake ajiye kwafi, ya share, har da guntayen gogen nan. Ya buɗe durowa ya miƙo mini fayafayai huɗu da ya buga. Ban tambaye shi na ranar wasan ba, shi da kansa ya ce Gloria ta naɗa, zai karɓo ya share, kuma ya cika alkawari. Da na juya zan fita ya ce in gaida Hajiya da yara. Fayafayan nan a kwandon shara na gidan mai na jefa su.

Ba mu ɓata ba, wannan ma wani nauyin ne. Ya ci gaba da zuwa cin tuwon salla, ni ma ina kai iyalina gidansa ranar Kirsimeti. Ya ci gaba da kiɗa da wasu, har da wani mai ganga ɗan Ghana da wata mai sarewa, ya koya wa matasa da yawa yadda ake haɗa na'ura da kayan kiɗan hannu. Amma Rahila ta ce bai sake kammala wani aiki ya ce ga shi ya nuna ba. Bayan shekara uku ciwon daji ya kama shi, bai yi wata shida ba.

Na je duba shi a asibiti wata ranar Talata da hantsi, muka kasance mu biyu kaɗai a ɗakin. Ya rame har agogonsa na zamewa. Ya ce, "Gogen nan yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "Ka riƙa fito da shi yana shan iska, fatar ba ta son akwati." Ya buɗe mini ƙofa ke nan, ya jira in shiga. Ni kuwa na kama ba shi labarin cunkoson motoci a hanyar zuwa. Ya saurara har na gama, ya yi murmushi. Ban sake ganinsa da rai ba.

Yanzu ku dubi inda duniya ta kai. Kwanakin baya 'yata Nafisa, wadda ta gama jami'a, ta sa mini wani kiɗa a mota daga wayarta. Wasu matasa ne daga Arewa, sun ɗora kalangu da gurmi a kan bugun na'ura, ana rawarsa a manyan biranen duniya. Na tambaye ta ko tana son irin wannan. Ta amsa da Turanci kamar yadda ta saba, ta ce ai wannan namu ne, abin alfahari ne, kuma ta so a ce a danginmu akwai makaɗi. Na ce mata ta rage ƙarar, kaina na ciwo.

Nakan tambayi kaina me Iliya zai ce da yana nan. Ina jin zai yi murna, domin ba shi da ƙyashi. Zai kuma yi mita, ya ce yaran suna barin na'ura ta ja su a guje, ba su barin kalangu ya yi magana. Abin da ake yi yau da waya a tafin hannu, shi da tulin wayoyi da ƙarfen narka dalma ya yi shi a gareji. Zai yi mamakin ganin 'ya'yan waɗanda suka yi dariya a harabar masallaci suna biyan kuɗin shiga irin wannan wasa, har suna ɗaukar hoto suna turawa gida. Ban sani ba ko zai ce mini, "Ka gani?" Ina zaton ba zai ce ba, kuma da ya ce da na fi samun sauƙi.

Watan jiya Gloria ta neme ni. Gashinta ya yi fari, amma har yanzu ita ce ke haɗa taron. Ita da wasu matasa suna tattara tarihin kiɗan lantarki na wannan yanki, suna bin waɗanda suka fara, suna neman tsofaffin fayafayai da hotuna. Ta ce duk wanda suka tambaya sai ya ambaci yammacin nan na masaƙa, wasu ma sun ce daga ranar suka fara tunanin haɗa kayan kiɗan iyayensu da na'ura. Amma ba su da komai sai wani guntun bidiyo da bai kai minti ɗaya ba, hoton na rawa, sautin a dagule. Ta ce an gaya mata ni ne babban abokinsa, ko na san mai gogen, ko na san inda sauran aikin yake. Na dubi idon matar nan na ce ban sani ba. Bakina ya saba, ya riga ni.

A mota na zauna na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ina da shekara sittin da ɗoriya, dattijon da ya yi rahar ya rasu, kwamitin ma na daɗe da barinsa, amma ga ni ina maimaita ƙaryar a kan kabarin abokina. Maimakon gida, na nufi wajen Rahila. Na same ta tana shirya kayan miya a kicin. Na faɗa mata komai, tun daga akwatin da ya faɗi a matakala. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye wuƙa ta goge hannu.

"Baban Nafisa, ce mini ya yi kwamfutar ce ta lalace. Na yi ta yi masa faɗa, na ce mai gyaran kayan mutane ya kasa tsare nasa."

Na roƙe ta gafara.

Ta ce, "Abin da yake nawa na yafe. Nasa kuwa ba ni da iko da shi. Amma ka je ka faɗa wa Gloria, ka faɗa wa 'ya'yanka. Ni kada ka bar ni da wannan ni kaɗai."

Na faɗa musu. Gloria ta yi kuka, sannan ta tambaye ni sunan mahaifina ta rubuta. Nafisa ba ta yi mini magana ba kwana biyu, a rana ta uku ta zo ta ce in nuna mata gogen kakanta. Yau kuma ga shi na faɗa wa kowa.

An ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Idan na auna abin da ya rage na Iliya, ba kaɗan ba ne. Akwai matasan da ya koya wa, wasunsu yanzu su ke koyar da wasu. Akwai taron da ya taimaka aka kafa, wanda har yau ake yi. Lasifikar masallacinmu ma tasa ce, ba ta taɓa ba mu matsala ba. Akwai kuma halinsa, wanda ni na fi kowa sani: mutum ne da aka nemi ya rushe mafi kyawun abin da ya gina domin tsoron wani, ya rushe, ya ɗauki faɗan matarsa a kai, bai taɓa goranta wa kowa ba. Amma wanda zai zo nan gaba ya tambaya yaya kiɗan nasa yake, sai dai a ba shi labari, kuma ni na jawo hakan.

Matasan sun roƙe ni in kaɗa musu abin da na tuna, na yarda. Na zauna a gaban makirufonsu na kaɗa duk goma sha ɗayan, yatsuna sun yi nauyi amma sun kai. A kowane ɗaya akwai wuraren da nakan dakata, domin a nan ne Iliya ke shigowa. Mai naɗar ya tambaye ni ko ya yanke wuraren shirun, ko kuma su cike su da nasu sautin. Na ce a'a, a bar su yadda suke, a rubuta sunansa a kai.

Allah Ya kai haske kabarinka, Iliya. Ni ne mai gogen, Ɗahiru ɗan makaɗi, kuma ban samu zuwa ba ne domin na ji tsoro.